Darasin Kula da Gida: Wa Zai Koya wa 'Ya'yanmu Girki?

Karatu: 2 Sarakuna 4:38-41, Titus 2:3-5, Yohanna 21:9-13.

Manufar darasi: Mu gane cewa girki abu ne da ake koyarwa da niyya, kamar noma da karatu. Mu riƙe abin kirki da iyaye suka sani, mu kuma ƙara abin da ba su samu ba.

Ga mai koyarwa: Wannan darasi na Zumuntar Mata ne tare da matasa, maza da mata. In da hali a yi shi a tsakar gida kusa da murhu. A tanadi gero, waken soya, gyaɗa, kasko, tukunya, gwangwanin madara da cokali.

1. Gida biyu da muka ziyarta

Da kakar bara muka zaga ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya domin duba rumbuna. A wani gida kusa da Kibiya muka tarar da albarka ƙwarai. Dawa ta cika rumbu, ga gyaɗa buhu-buhu, ga zogale ya yi layi a jikin danga. Amma a kan tabarma akwai yaro ɗan wata goma sha ɗaya, ƙafafunsa sirara, gashinsa ya yi ja, ba ya wasa. Muka roƙi uwar ta nuna mana abin da take ba shi. Sai ta kawo kunun gasarar masara da sukari, tsululu kamar ruwan wanke ƙwarya. Sau biyu take ba shi a rana.

Wannan 'yar'uwa ba malalaciya ba ce. Ta gama sakandare a makarantar kwana, uwarta kuwa ta rasu tun tana ƙarama. Da kanta ta koyi girki, wani a waya, wani ta kallon maƙwabta. Ta iya shinkafa da miyar tumatir sosai. Muka ce mata, "'Yar'uwa, wa ya nuna miki damun kunun yaro?" Ta ce, "Malam, ba wanda ya nuna mini. Na ga ana damawa ne, ni ma na dama. Kunya nake ji in tambayi Inna, kada a ce an auro wadda ba ta iya kome ba." Surukarta tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ta goyi 'ya'ya bakwai da kunun gyaɗa mai kauri. Da muka yi mata magana sai ta ce, "Ɗana, 'yar boko ce. Ni me zan gaya mata?" Tsakanin ɗakunan nan biyu bai fi taki goma ba. Ranar nan muka sa aka kai yaron asibiti, gama tamowa ta riga ta kama shi.

Gida na biyu yana wajen Rurum. Uwargidan ta koyi kome a hannun uwarta, tuwonta ma ake nema in za a yi baƙi a ikkilisiya. Muka same ta tana ware gyaɗa. Mai kyau ta kasuwa ce. Wadda ta yamutse, da wadda ta yi fumfuna, ita za a daka a yi miya da kunun yara. Ta ce haka uwarta ta koya mata, ba a zubar da abincin Allah. Ba ta sani ba guba take tarawa a tukunya.

To, ta fari ta koya wa kanta, abin bai isa ba. Ta biyu ta gāda daga uwarta, shi ma bai isa ba. Wannan shi ne abin da za mu duba yau.

2. Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana

A zamanin annabi Elisha aka yi yunwa a Gilgal. Ya sa a ɗora babbar tukunya domin almajiran annabawa. Ɗaya daga cikinsu ya tafi jeji neman ganye, ya ga wata yaɗuwa da 'ya'ya, ya tsinko da yawa ya yanyanka cikin tukunya. Da aka fara ci aka gane guba ce. Sai da Allah ya yi aiki ta hannun Elisha kafin abincin ya ciwu. Mu lura, mutumin nan mai himma ne, nufinsa kuma mai kyau ne. Laifinsa ɗaya, bai san abin da ya tsinko ba, bai kuwa tambayi kowa ba.

Manzo Bulus ya rubuta wa Titus cewa tsofaffin mata su koyar da ƙananan mata sha'anin gida. Bai bar abin ga sa'a ba, ya ɗora shi a wuyan ikkilisiya. A Yohanna 21 kuma mun ga Ubangiji Yesu da kansa, bayan tashinsa daga matattu, ya shirya wa almajiransa kifi a kan garwashi da gurasa a bakin teku. Aikin da Ubangiji bai raina ba, kada ɗanmu ya raina.

3. Abin da ake samu a gindin murhu

Dā ba a zaunar da yarinya a ce yau za a koyi girki. Tana shekara biyar ana aiken ta ɗauko muciya. Tana bakwai tana tankaɗe da wanke-wanke. Kafin ta kai goma sha biyu ta iya surfe da bakace, ta san yadda ake talge, da lokacin zuba gari, da yadda ake tuƙi kada a yi gudaji, da yadda ake rage wuta a bar tuwo ya sulala. Ba wanda ya auna mata ruwa da kofi. Idonta da hannunta da hancinta ne suka koya. Irin wannan sani ba ya shiga takarda sosai, sai an tsaya kusa da mai yi.

Mu ɗauki daddawa. Ana dafa kalwa kusan yini da kwana har ta yi taushi, a surfa ta, a wanke ɓawon, a sāke dafawa, a rufe ta da ɗumi kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so, sa'an nan a kirɓa, a fafata, a shanya. Wa zai gaya maka ta kai, in ba wadda ta saba da ƙamshinta ba? Haka sanin ganyayen jeji yake: tafasa, da rama, da yakuwa, da ɗinkin, da wanda ake ci da wanda ba a ci. Haka kuma shanyar kuka da kuɓewa, da yadda uwa takan ja mudu ɗaya ya ciyar da gida cikin watan Agusta sa'ad da rumbu ya yi ƙasa.

Me ya tsinke wannan igiya? Abubuwa da dama ne, yawancinsu kuwa alheri ne. Tun da aka fara ilimin firamare kyauta a 1976, yara suna makaranta a lokacin da dā suke gindin murhu. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa da tumatir suka yawaita, mutane kuma suka daina zaman gida da rani. Injin niƙa ya hutar da turmi da dutsen niƙa. Ɗunƙulen miya na kanti ya shiga wurin daddawa, taliyar leda ta shiga wurin ɗumame. Samari kuwa sun tafi Kano da Abuja da Legas neman kuɗi.

Ba mu ce a fitar da yara daga makaranta ba, ko kaɗan. Abin da muke cewa shi ne, koyon da dā yake zuwa da kansa, yanzu sai an yanka masa lokaci. In ba a yi haka ba, tsohuwa za ta tafi kabari da saninta.

4. Abin da iyayenmu ba su samu ba

Muna girmama iyayenmu, amma ba su san kome duka ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihohin arewa maso yamma, inda muke, sun fi rabi. Talauci yana ciki, ciwo yana ciki, amma abin da ke shiga tukunya ma yana ciki. Ga abu biyar da ya kamata kowace uwa ta ƙara a kan abin da ta gāda.

(a) Gyaɗa da masara masu fumfuna. Fumfunar nan tana fitar da guba mai lalata hanta, tana kuma hana yaro girma. Wuta ba ta kashe ta, ko an soya ko an dafa. A tsince wadda ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko take da ɗaci, a binne ta. Kada a ba kaji ko akuyar tatsa. Gyaɗar da ta fi kyau ita ce ta yara, saura ta tafi kasuwa.

(b) Kanwa. Tana sa wake ya nuna da sauri, tana sa kuɓewa yauƙi, amma yawanta yana kashe waɗansu bitamin da ke cikin abinci. A jiƙa wake tun da dare, a zubar da ruwan da safe. Zai nuna da wuri, kanwa kaɗan za ta isa, itace ma ya ragu.

(c) Ganye. In za a busar da zogale ko rama, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, gama zafin rana yana cinye amfaninsu. In ɗanye ne, a wanke kafin a yanka, a zuba shi daga ƙarshe, kada ya daɗe a wuta. Ɗan mai a cikin miya yana taimakon jiki ya ɗauki amfanin ganye.

(d) Gishiri. Tun 1993 doka ta ce a sa sinadarin aidin a gishirin ci a Nijeriya domin hana maƙoƙo. A sayi na leda mai hatimi, a ajiye shi a rufe nesa da wuta da laima.

(e) Jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo. Daga wata shida a fara abinci, a ci gaba da nono har shekara biyu ko fiye. Cikin yaro ƙarami ne, bai fi ƙaramin kofi ba. In aka cika shi da kunu tsululu, ruwa ya sha. Kunun yaro ya yi kaurin da zai zauna a cokali ba ya zuba. Daga wata shida zuwa takwas a ba shi sau biyu ko uku a rana. Daga wata tara, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar gwanda ko dankali ko dafaffen ƙwai.

Akwai misali mai ƙarfafa zuciya. Kakanninmu ba su dafa waken soya ba. Tun cikin shekarun 1980 cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan da malaman gona suka yi ta koya wa mata sarrafa shi. Yau ga awara a kasuwar Rano da ta Kibiya da ƙofar kowace makaranta, har yara suna tsammani abincin gargajiya ne. Matan da suka fara yin ta koyo suka yi da girmansu, suka koya wa 'ya'yansu. Ashe sabon abu ma yana zama gādo.

5. Ga wanda ya koya wa kansa

Akwai marayu a cikinmu, akwai waɗanda suka tashi a makarantar kwana, akwai mazan da matansu suka rasu. Koya wa kai ba abin kunya ba ne, abin yabo ne. Amma a kiyaye waɗannan.

Na ɗaya, a fara da abincin da gonarmu ke bayarwa. Yawancin girkin da ake nunawa a waya na birni ne, da nama da kayan gwangwani. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya ga yadda kayan kanti suka yi tsada. Amaryar da ta iya shinkafa da taliya kaɗai za ta sa mijinta ya sayar da dawa da araha ya sayo abinci da tsada.

Na biyu, a nemi uwa. Matambayi ba ya ɓata. Ki je wurin gwaggo ko surukarki ko wata dattijuwa a Zumunta, ki ce, "Inna, ina so in tuƙa, ki tsaya a kaina." Ba mu taɓa ganin tsohuwar da aka roƙa haka ta ƙi ba.

Na uku, kada a sa wa tukunya ganye ko naman kaza ko saiwar da ba a sani ba. A tuna da mutumin Gilgal.

Na huɗu, a rubuta. Wanda ya yi makaranta yana da abin da kakarsa ba ta da shi, watau alƙalami. In tsohuwa ta ɗebi gari da hannu, a ce ta zuba a gwangwani a gani, a rubuta. Ta haka sanin da ke hannunta zai zauna a littafi domin jikoki.

Ku kuma iyaye mata da surukai, kada ku jira a tambaye ku. Kada ku yi wa amarya dariya a gaban mutane saboda gudaji. Dariya ɗaya takan rufe bakin yarinya shekara guda, jikanku ne kuwa zai sha wahalar.

6. 'Ya'ya maza fa?

A gidajenmu da yawa, in yaro ya matso kusa da murhu sai a kore shi, a ce ba wurin maza ba ne. Amma wannan yaro zai tafi ci-rani ko makaranta, ya zauna ɗaki ɗaya da abokai, kuɗinsa ya ƙare wajen mai shayi da mai taliya. Wata rana matarsa za ta haihu, ko ta kwanta asibiti, yara su kwana da gāyar rogo. Mun san wani dattijon ikkilisiya da matarsa ta yi jinya wata uku. Shi ya riƙa tuƙa tuwo yana kaɗa miyar kuka, domin uwarsa ba ta haifi mace ba, ta koya masa tun yana yaro. Da fari an yi masa ba'a, amma 'ya'yansa ba su yi yawon gidajen maƙwabta da ƙwarya ba.

Kowane yaro namiji, kafin ya bar gida, ya iya abu huɗu: hura wuta, dama kunu, dafa wake da shinkafa ko fate, da kaɗa miya ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uba ne zai fara ba da izini, gama in uba ya yi ba'a yaro ba zai koya ba.

7. Aikin da za mu yi tare yau

Garin kunun yara. Kowace tsohuwa ta ɗauki matashiya ɗaya ko saurayi ɗaya. Matasa su yi aikin, tsofaffi su duba.

Awo: gero ko dawa gwangwani 6, waken soya gwangwani 3, gyaɗa mai kyau gwangwani 1.

(1) A tsince waken soya. A zuba shi cikin ruwan da ke tafasa ba tare da an jiƙa ba, ya yi minti 20 zuwa 30. Wannan yana hana ƙarnin nan da yara ba sa so. Ɗanyen waken soya ba ya narkewa da kyau a ciki, tilas ya sha wuta.
(2) A tsane, a shanya ya bushe sarai, a soya a kasko sama-sama, a ɓarza, a bakace ɓawon. Mai koyarwa ta zo da wanda ta riga ta busar domin kada a jira.
(3) A wanke geron, a shanya, a soya shi kaɗan. A soya gyaɗa, a murje.
(4) A haɗa duka a niƙa, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Kada a yi wanda zai wuce wata ɗaya, gama man gyaɗar yakan sa shi ya canza.
(5) Wajen damawa, a wanke hannu da sabulu. A kwaɓa cokali uku da ruwa kaɗan, a zuba cikin tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a juya a kan wuta kamar minti goma. A ƙara ɗan manja ko man gyaɗa, da garin zogale kaɗan. A ba yaro da cokali da kofi mai tsabta. Abin da ya rage kada a ajiye masa har yamma.

In ƙaramin yaro ya kasa haɗiye kunu mai kauri, kada a tsinka shi da ruwa. Ga dabara. A jiƙa gero kwana ɗaya, a baza a kan jiƙaƙƙen buhu, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa kwana biyu har ya tsira. A shanya ya bushe ƙayau, a murje tsiron da saiwar a fece, a niƙa. In an sauke kunu ya ɗan huce, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na wannan gari a juya. Cikin 'yan mintoci kunun zai saki, ƙarfinsa kuwa yana nan. A mayar da shi wuta ya tafasa kafin a ba yaro. Gero ya fi dacewa da wannan aiki, domin tsiron dawa yana da guba in ba a murje shi sarai ba.

Da muka nuna wannan a wata Zumunta, tsofaffi suka yi ta dariya. Ɗaya ta ce, "Malam, ai wannan tsiro ne. Da shi iyayenmu suke dafa giya." Gaskiyarta. Da bishara ta zo aka bar giya, muna godiya ga Allah, amma aka bar sanin tsiro tare da ita. Yau matan da suka fi kowa iya tsirar da hatsi su ne kakannin nan, su ne kuma za su koya mana domin ceton jikokinsu.

Yaron nan na wajen Kibiya yana tafiya yanzu. Uwarsa ce take auna garin da gwangwani, kakarsa take soya gyaɗar. Daga baya surukar ta koya mata daddawa, ita kuma ta hana a ba sabon jaririn gidan ruwa kafin wata shida.

8. Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wa ya koya miki ko ya koya maka girki? Wane abu ne ka so a ce an koya maka amma ba a yi ba?
2. Mata nawa ne a ikkilisiyarmu suka iya daddawa? Shekarun ƙaramar cikinsu nawa?
3. Wace gyaɗa muke ci a gida, wace muke kai kasuwa?
4. Me ke hana amarya tambayar surukarta? Me ke hana suruka yin magana?
5. Wace rana a mako za mu bar wa yara, maza da mata, su yi girkin gida muna dubawa?

Aikin gida: Kafin taro mai zuwa, kowace uwa ta koya wa yaro ɗaya abu ɗaya, nata ko na maƙwabta, musamman maraya. Kowane matashi ya rubuto girki ɗaya daga bakin tsohuwa, da awonsa. Magatakardar Zumunta ta tattara su a littafi ɗaya. In kun ga yaro mai kumburin ƙafa, ko jan gashi, ko rama ƙwarai, kada ku tsaya kan kunu, ku kai shi asibiti a ranar.

Addu'a: Ya Ubangiji, mun gode maka domin hatsi da gyaɗa da ganyen da ka ba ƙasarmu, da hannuwan da suka ciyar da mu tun muna ƙanana. Ka ba tsofaffinmu haƙurin koyarwa, ka ba matasanmu tawali'un tambaya. Ka tsare tukwanenmu daga abin da zai cuci 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.